Daga Arzika Zuwa Arzika

Talata, 3 ga Satumba, bayan azahar

Yau na yi abin da na daɗe ina yi wa Baban Hanifa dariya a kansa. Na buɗe imel a wayata, na sa adireshina a wurin mai karɓa, ga ni ina rubuta wa kaina. Gidanmu na Gwadangaji, nan Birnin Kebbi, cike yake da mutane, amma ba wanda zan iya gaya wa magana. Kowa ya shigo sai ya ce, Nazifa, a yi haƙuri. Ban san haƙurin me suke nufi ba, tunda ba a ga komai ba tukuna.

Ranar Asabar ya fita. Malamin gona ne, idan damina ta yi nisa ba ya zama, yau Gulma gobe Augie. Ya ce ruwa ya shiga gonakin shinkafar wasu manomansa a ƙetaren fadama, babur ba ya kaiwa, sai jirgin ruwa. Babbar wayarsa ya ajiye mini a kan firji, ya ɗauki ƙaramar mai madanni, wai kada ruwa ya taɓa masa babbar. Wayar yake tausayi.

Ranar kasuwa ce, jirgin ya cika. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Ƙaramar ba ta shiga. Babbar tana hannuna.

Laraba, 4 ga Satumba, da hantsi

Ina wanke wa Hanifa fuska wayarsa ta yi ƙara. Na duba. Daga Arzika, zuwa Arzika: "Man babur. Duba taya ta baya."

Sai da na zauna a ƙasa.

Na san yadda abin yake, ni na koya masa. Mutum ne mai mantuwa kamar an yi masa baki. Da a tafin hannu yake rubuta abu da biro, ya yi alwala ya wanke. Ni da nake buga takardu a ofis na ce wannan ƙauyancin ya isa, na buɗe masa imel, na nuna masa yadda zai rubuta wa kansa saƙo ya sa masa ranar da zai iso. Ashe na buɗe masa sana'a. Ran Juma'a da yamma sai ya miƙe ƙafa a tabarma ya yi ta tsara wa kansa saƙonni, na jibi, na mako mai zuwa, na ƙarshen wata. In ce masa, "Kai da kanka kun cika zumunci." Ya ce ai shi kaɗai ne ba ya masa gardama.

Na san duk wannan. Amma sunansa ne ya fito, kuma da ƙara ya fito.

Laraba, da yamma

Ba komai. Na ja allon wayar ƙasa in ga ko sabon saƙo ya shigo, ɗan zoben nan na jira ya juya, ba komai.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan sallar Juma'a, Argungu

Munzali, ƙanen Baban Hanifa, ya zo jiya ya kwaso mu. Ya ce Inno, mahaifiyarsu, ta ce zaman jira a wuri ɗaya ya fi. Da ni da Munzali ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ya ce girkina ba gishiri, in ce ba mai aurensa da wannan kan. Jiya daga Birnin Kebbi har Argungu rediyon mota ne kawai ya yi magana.

Masu ruwa, masuntan da suka san gulbin, suna ta nema. An samu wasu, an yi musu sutura a can bakin gulbi. Shi ba ya ciki. Munzali ya faɗa yana kallon ƙasa, ni kuma na ji daɗi, sai na ji kunyar jin daɗin, don waɗanda aka samu ma suna da mata.

A gidan nan sabis ba ya kamawa sai wuri guda, gindin darbejiya kusa da rijiya. Nan na tare. Matan gidan suna tsammani iska nake sha.

Akwai wani wuri a cikin imel ɗin da ke nuna yawan saƙonnin da aka tsara ba su iso ba. In na buɗe gefen, da yatsa nake rufe lambar. Ba na son sani.

Asabar, 7 ga Satumba, da walha

Na yi ɓarna yau.

Ina gindin darbejiya ta yi ƙara, bakina ya riga hankalina, na ce, "Saƙo nai ya shigo!" Ban lura Inno na bakin ƙofarta da carbi ba.

Ta ce, "Saƙon wa?"

Na ce, "Na Baban Hanifa."

"Yanzu?"

"Yanzu-yanzun ga, Inno."

Baban Hanifa shi ne ɗanta na fari. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko kallonsa sosai ba ta yi. In ya kawo mata kifi sai ta ce a gode wa wanda ya kawo. Ko a kwanakin nan ba ta tambayi kowa labarinsa ba, sai dai ta ce, "Masu ruwa sun komo?" Wannan matar ce yau ta ajiye carbi, ta rarrafa ta sa goshi a ƙasa a tsakar gida.

Da ta ɗago ta ce, "Mi yac ce?"

Na karanta mata. "Irin albasa na mutanen Augie. Kada a makara."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Shi na. Mutane na kuka, shi shina zancen albasa."

Na buɗe baki in yi mata bayani. Wallahi na buɗe. Na rasa ta inda ake fara gaya wa uwa cewa saƙon ɗanta tsohon saƙo ne, kamar tuwon da aka ajiye aka ɗumama. Na rufe bakina na koma ɗaki.

Lahadi, 8 ga Satumba, da safe

Inno ta sa an dama fura an rarraba wa maƙwabta.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Dattawan gidan sun zauna da liman, sun ce a sa ranar addu'a. Munzali ya shigo ya gaya wa Inno. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ba a yi ma mai rai addu'ar mamaci. Ya aiko."

Munzali ya waiwayo ya dube ni. Ya yi karatu, ya san wayar, ya san halin yayansa.

Ya same ni a wurin rijiya. Ya ce, "Maman Hanifa, ki ji tsoron Allah. Mi kinka hwaɗa ma tsohuwag ga?"

Na ce, "Abin da yash shigo shi nik karanta."

Ya ce, "Kin san abin da nika nuhi. Ko ki gaya mata, ko ni in gaya mata."

Na ce, "Ga ta can, tai ka gaya mata."

Ya tafi har bakin ƙofarta, ya tsaya, ya ji tana yi wa Hanifa waƙa. Ya juya ya fita waje. Namiji ke nan, ya bar mini kayana.

Laraba, 11 ga Satumba, da azahar

Ban san ko ni mece ce ba yanzu. Gwaggon Baban Hanifa ta ce in cire 'yan kunne in fara takaba. Yayata ta bugo daga Birnin Kebbi ta ce kada in kuskura, ba a ga gawa ba. Abu ɗaya suka yarda a kai: kada in fita. Ofis ba zuwa, kasuwa ba zuwa, ko zaure ban isa in leƙa ba. Daga ɗaki sai darbejiya, daga darbejiya sai ɗaki.

Vivian, wadda muke teburi ɗaya a ofis, ta kira. Ta ce, "Nazifa, kina cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. Ta ce jiya a cocinsu sun sa ni a addu'a. Na gode mata, amma duk tsawon maganar hankalina na kan ɗaya wayar, ina jira ta gama in duba. Mace ta kira ni don Allah, ni kuwa ina Allah-Allah ta ajiye.

Alhamis, 12 ga Satumba, da hantsi

"Tsutsa a gonar gwaji, Gulma. Tafi da magani."

Inno ta sa na maimaita mata sau biyu. Ba ta tambayata ya aiko. Cewa take, "Abin naki ya yi kuka?"

Na ci tuwo yau har na ƙara.

Asabar, 14 ga Satumba, da yamma

Ina dubawa kafin in yi salla, ina dubawa ina sallamewa. Yau a raka'a ta uku na ji kamar ta yi ƙara, na rasa inda nake a karatun. Da na idar na duba, tallan data ne.

Gefen babban yatsana ya yi kanta. Idan wayar na caji a ɗakin Munzali, inda sola take, sai in ji kamar na bar yaro a bakin rijiya. Hanifa ta ce, "Mama, kullum waya, waya." Na daka mata tsawa. Yarinyar da ba ta kai shiga firamare ba, ta je bayan Inno ta ɓuya. Na tsani kaina yau.

Lahadi, 15 ga Satumba, da safe

"Takalmin Hanifa ya matse ta."

Na ɗauko takalmin na gwada mata. Ya matse ta. Ni da nake tare da ita kullum ban lura ba.

Talata, 17 ga Satumba

Ba komai.

Laraba, 18 ga Satumba, da azahar

Ba komai. Inno ta tambaya da safe, ta tambaya da rana. Na ce sabis ne.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Masu ruwa sun daina fita. Sun kawo jakarsa, wadda yake sa takardun manoma a ciki, wai a cikin ciyawa ta maƙale can ƙasa da nisa. Munzali ya ɓoye ta a ɗakinsa don kada Inno ta gani. Ni ya nuna mini. Na ce jaka ai jaka ce, mutum na iya yar da jaka don ya yi iyo.

Munzali ya ce, "Maman Hanifa, yaya bai iya ruwa ba."

Na sani. Ɗan Argungu guda da bai iya ruwa ba, har tsokanarsa ake yi da shi. Ba na son in ƙara rubuta komai yau.

Juma'a, 20 ga Satumba, da hantsi

Haushi ya kama ni. Na buɗe saƙon takalmin a wayarsa, na danna amsa, na rubuta, "Kana ina?" Na aika.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Daga Arzika, zuwa Arzika: "Kana ina?"

Na san ni na rubuta, yatsana bai ma bar allon ba. Duk da haka gabana ya faɗi kamar na farko.

Inno ta ji ƙarar daga ɗakinta. Ta leƙo ta ce, "Ya yi kuka?" Na dubi fuskarta. Ta rame a 'yan kwanakin nan da ba saƙo, zanenta har ninki biyu take masa. Na ce, "Ya ce a duba rumbu, kada ɓera ya shiga."

Ta sa aka duba rumbun.

Asabar, 21 ga Satumba, da yamma

Yanzu ni ke rubutawa. Ina zama a ɗaki in tsara, in sa masa lokacin da na san Inno tana tsakar gida, in fito gindin darbejiya in jira. Na san abin da ke ciki, na san lokacin da zai shigo, amma ina ta jan allon kamar wata baƙuwa. In ya shigo kuma sai na ji sanyi a raina. Wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Na iya muryarsa. Gajere, ba gaisuwa, ba don Allah. "A kai wa Hodi buhun taki." "Kira mai injin ban ruwa." Shekarun da na yi ina masa dariya ashe hadda nake.

Litinin, 23 ga Satumba, bayan azahar

Liman ya sake aikowa. Gwaggo ta ce mutanen gari sun fara magana, wai an bar bawan Allah ba addu'a kamar marar dangi. Munzali ba ya cin abinci a gida. In muka haɗu a tsakar gida sai ya bi ta bayan rijiya.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In na faɗa wa Inno gaskiya, ni na kashe mata ɗa da bakina. In na yi shiru, ni na hana shi addu'a. Kuma ko ba Inno, ni kaina ban shirya ba. Gara in faɗa a nan tunda ba mai karantawa sai ni: ina son ƙarar nan. Ina sonta fiye da abinci.

Talata, 24 ga Satumba, da safe

Na rufe lambar da yatsa. Saura kaɗan in gani.

Laraba, 25 ga Satumba, da walha

Na gaji da taki da albasa. Mutum ya yi kusan wata ba a gan shi ba, a ce ba zai ce wa kowa komai ba? Na zauna na rubuta abin da nake so a ce ya faɗa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, na yi kuka a kai, na sa masa bayan la'asar.

Laraba, bayan magariba

Ya shigo a kan lokaci. Inno na kan tabarma ta miƙe ƙafafu tana shafa man zafi, Hanifa na barci a gefenta. Na karanta:

"Inno, ina gaishe ki. Ina kewarki ƙwarai. Ki yafe mini duk abin da na yi miki. Ki kula mini da Nazifa da Hanifa."

Ba ta ce in maimaita ba. Ta ci gaba da shafa mai har ta gama ƙafa ɗaya, ta rufe kwalbar.

Ta ce, "Ɗiyata, zamna."

Na zauna a bakin tabarma.

Ta ce, "Mai zancen taki da tsutsa da albasa, shi na. Wanga mai daɗin baki, ke ta. Tun da nih haihe shi bai taɓa ce mani shina kewata ba, ni ko ban taɓa kiran suna nai ba. Hakanan muke, kuma mun san abinmu."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Inno, tsohon saƙo na. Tun kahin ya tai yar rubuta su, shi ka sa musu rana. Da sunka ƙare, ni nic ci gaba."

Ta ce, "Ban san yadda abin naku yaka aiki ba. Ranar hwarko na yarda, Allah ya sani na yarda. Amma na kwana ina tunani. Mutum na da rai, ya san ana nema nai cikin ruwa, ya aiko a duba albasa? Bai ce ga ni wuri kaza ba? Wauta tai ba ta kai nan ba."

Na ce, "To mi yas sa kika tambayata kullum?"

Ta gyara wa Hanifa zane.

Ta ce, "Ina son ji. Ke ma na ga ba ki cin tuwo sai ranar da abin yay yi kuka. Na ce bari mu ɗan jima hakanan, ni da ke. Amma mun jima da yawa, ɗiyata. Muna nan muna jin daɗinmu, shi ko shina jiran addu'a."

Sai ta ɗaga murya ta kira Munzali. Ya shigo ya durƙusa. Ta ce, "Tai ka gaya ma liman. Jibi Juma'a, a yi ma Arzika addu'a."

Munzali ya ɗago da sauri. Gwaggo da ke bakin murhu ta saki muciya. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, ni ma sai na ji kamar yau aka raɗa masa shi. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar Asabar ɗin nan, na kifa kai a ƙafarta mai warin man zafi, ita kuma tana buga bayana kamar yadda take yi wa Hanifa.

Alhamis, 26 ga Satumba, da safe

Na cire 'yan kunne na ba Gwaggo. Wayarsa na kai wa Inno na ce ta ajiye mini. Ta sa ta ƙarƙashin filo.

Hannuna sai laluben gefen zane yake yi.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan la'asar

An yi. Mutanen Gulma sun zo, na Augie sun zo cike da mota. Vivian ta zo tun daga Birnin Kebbi da lulluɓinta, ta zauna kusa da ni har aka tashi, na gode mata da wannan.

Mijina Arzika ya rasu a ruwa. Allah ya jiƙansa. Na rubuta.

Litinin, 30 ga Satumba, da hantsi

Ina ɗaki Inno ta aiko Hanifa ta kira ni. Na same ta zaune, wayar na kan cinyarta, ta ɗora mata hannu biyu. Ashe kullum sai ta ba Munzali ya sa mata caji, kuma tana fitowa da ita gindin darbejiya in ba kowa.

Ta ce, "Ya yi kuka. Ke ta?"

Na ce, "Wallahi Inno ba ni ba ta."

Na karɓa na buɗe. Daga Arzika, zuwa Arzika: "Ƙarshen wata. Maganin ƙafar Inno. Kada a gaya mata ni na saya."

Na karanta mata yadda yake, har ƙarshe. Ta kawar da kai wajen bango. Sannan ta ce, "Wanga shi na." Ta jawo kwalbar man zafin ta girgiza, saura kaɗan a ƙasa. Ta ce in gaya wa Munzali ya biya kasuwa.

Da na fito na buɗe gefen nan, na ɗauke yatsana daga kan lambar. Ba sauran ko ɗaya, wannan ne na ƙarshe. Na koma na gaya wa Inno, ta ce alhamdulillahi, ya gama aikinsa.

Na dawo ɗaki na zauna. Ban ankara ba sai na ga na ja allon ƙasa, ɗan zoben yana juyawa. Inno ta sani, Munzali ya sani, ni ma na sani. Yatsan nan ne ban san yadda zan gaya masa ba.